Ƙyaure biyu, get mai turawa ko ƙofar naɗi: wacce ta dace da garejinka?

A damunar bara, washegarin hadarin farko da ya zo da iska, yayana ya kira ni da sassafe ya ce in zo in ga get ɗinsa. Na tarar ƙyauren hagu ya sunkuya, bakinsa na ƙasa ya dinga gurzar siminti har ya yi masa zane kamar baka. Sai mutum biyu sun ɗaga shi sannan sakata take shiga raminta. Matarsa ta ce mini ai an fi wata uku a haka, in maigidan ba ya nan ba ta iya fitar da mota sai ta nemi yaran maƙwabta. Mai waldar da aka kira ya zagaya, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, sannan ya tsuguna a gindin ginshiƙin ya zura mukullin babur ɗinsa cikin wata tsaga har ya shige. Ya ɗago ya ce, "Alhaji, ƙarfen nan lafiyarsa ƙalau. Abin da ke riƙe da shi ne ya gaji."

Daga nan shawara ta rabu. Wani ya ce a gyara kawai, wani ya ce a cire a sa mai turawa, ɗansa babba kuma ya dage sai an sa mai rimot. In kai ma kana cikin irin wannan ruɗani, ko gini kake yi an zo wajen ƙofar mota, ga yadda nake ganin ya kamata a auna abin.

Ma'aunin da za a ɗora kowace ƙofa a kai

Na farko kuɗi, amma kuɗi kashi biyu ne: na ranar da aka kafa, da wanda za ta dinga ci duk shekara. Farashin ƙarfe yana bin dala, kuma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, kuɗin da aka faɗa maka yau a Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Dei-Dei ta Abuja, ba lalle ya kai mako yana nan ba. Abin da zai amfane ka shi ne ka san lissafin. Farantin ƙarfe mai kaurin milimita 1 yana da nauyin kilo 7.85 a kowace murabba'in mita. Get mai faɗin mita 4 da tsayin mita 2.4 ya kai murabba'in mita 9.6. In aka yi shi da faranti mai kaurin milimita 1.5, farantin kaɗai ya kai wajen kilo 113. In milimita 2 ne, ya haura kilo 150. Ba a sa firam da ado ba tukuna. Ka riƙe wannan lissafi, domin shi zai nuna maka ko an rage maka kauri, shi zai gaya maka irin ginshiƙin da kake bukata, shi ne kuma nauyin da zai sauka a kan mutum ranar da ƙofar ta faɗi.

Na biyu ƙarko, kuma a ƙasarmu abokan gabar ƙofa uku ne: ƙurar hunturu da ke shiga duk wani abu mai juyawa, ruwan Agusta da ke kwanciya a bakin ƙofa ya cinye ƙarfen ƙasa da tsatsa, sai iskar farkon damuna da ke bugun rufaffen get kamar tana bugun bango.

Na uku sauƙi. Tambayar a nan ita ce wa ke buɗe ƙofar kullum. Mai gida yakan zaɓi get da ƙarfin hannunsa, alhali uwargida ce ko yaro ɗan shekara goma ko tsohon maigadi za su yi ta fama da shi.

Na huɗu haɗari, shi ma fuska biyu gare shi. Akwai ɓarawon da ake son ta hana shi shiga, akwai kuma mutanen gidan da ake son kada ta ji musu ciwo. Mun fi damuwa da na farko, amma ni na biyun ya fi tsaya mini a rai.

Sai abubuwa biyu da sukan yanke hukunci tun kafin a zo kan sauran: filin da kake da shi, da ko akwai mai gyaran irin wannan ƙofa a garinku.

Ƙyaure biyu masu buɗewa

Wannan shi ne get ɗin da kowa ya sani, kuma shi ne mafi araha a cikin nau'o'in ƙofa huɗu da zan kawo. Kowane mai walda a kowane ƙauye zai ƙera shi, zai kuma gyara shi a yini ɗaya. Ba ruwansa da ƙura, tunda abin da ke motsi a jikinsa hinji ne kawai, wato maƙalin da ƙyauren ke juyawa a kai. Ɗan giris sau biyu a shekara ya ishe shi.

Rauninsa yana wajen ginshiƙi. Ƙyaure mai faɗin mita 2 yana rataye ne daga gefe ɗaya, dare da rana yana jan hinjin sama waje, yana danna na ƙasa ciki. In ginshiƙin bulo ne aka cika da siminti aka soka guntun ƙarfe a ciki, wata rana zai tsage, kamar yadda na yayana ya yi. Ginshiƙin kirki shi ne na kankare da rodi wanda ya nutse cikin ƙasa sosai, a dasa ƙarfen da za a yi wa hinji walda tun lokacin zuba kankaren, ko kuma a kafa ƙaƙƙarfan bututun ƙarfe daban wanda bai dogara da katanga ba. Ƙyaure mai nauyi hinji uku yake so, kuma ƙarfen da aka gitta daga kusurwar sama zuwa ta ƙasa yana hana shi sunkuyawa.

Wajen fili yana da ci. In ciki yake buɗewa, sai ka bar masa mita 2 babu komai, bayan tsawon motar. Corolla ta kai wajen mita 4.6, Hilux ta haura mita 5. Ke nan kana bukatar kusan mita 7 daga get zuwa bangon gida kafin ka shiga ka iya rufewa. In waje yake buɗewa kuwa, ka tare wa jama'a hanya, kuma hinjinsa ya koma waje inda mai injin yankan ƙarfe zai same shi.

Ta fuskar tsaro, a duba abu biyu. Akwai hinjin da in aka sa rodi a ƙarƙashin ƙyauren aka ɗaga, sai ya zare gaba ɗaya, kwaɗo na rataye ba a taɓa shi ba. Maganinsa a juya hinjin sama ya kalli ƙasa, ko a yi wa kansa walda da ɗan ƙarfen da zai hana shi fita. Na biyu, kwaɗon da wuyansa ke fili almakashin ƙarfe yake jira. A ƙera masa ɗan akwatin ƙarfe da zai rufe shi, hannu kawai ke shiga ta ƙasa. Ta fuskar yara kuma, tsagar da ke tsakanin ƙyaure da ginshiƙi tana matse yatsa, iska kuma tana iya wurgo ƙyauren ya bugi yaro ko gefen mota. Kowane ɓangare ya samu sakatar ƙasa da ramin da za a soke shi idan an buɗe.

Get mai turawa gefe

Shi ne ake yayi yanzu a sababbin unguwanni, kuma da dalili. Nauyinsa a kan tayoyi yake, ba a rataye ba, saboda haka ba ya sunkuyawa. Ba ya cin tsakar gida, iska ba ta wurga shi, kuma in an kafa shi daidai yaro ma zai tura get mai kilo 200 da hannu ɗaya. Abin da yake nema shi ne katanga miƙaƙƙiya a gefe, mai tsawon faɗin ƙofar da ƙarin kamar rabin mita. A fili mai ƙafa 50 a gaba, wato wajen mita 15, wannan ba matsala ba ce. A lungun cikin gari inda gaban gidan bai fi mita 6 ko 7 ba, da wuya ya yiwu.

Ya fi ƙyaure biyu tsada, don akwai dogon da zai bi, da kankaren da za a shimfiɗa a ƙarƙashin dogon, da tayoyi masu boris, da 'yan tayoyin sama masu riƙe shi. Aikinsa kuma ya fi son gwani. In dogon ya karkace ko ya yi gangare kaɗan, ko dai get ɗin ya yi nauyi, ko ya dinga tafiya da kansa.

Ƙura da ruwa a nan suke samunsa. Dogon da aka yi kamar kwalbati, taya na bi ta cikinsa, yakan cika da yashi da tsakuwa, da damuna kuma ya zama magudanar ruwa. Wanda ya fi shi ne ƙarfe mai kusurwa da aka kifa, ƙoƙuwarsa na sama, taya mai tsaga ta hau kansa, don yashi ba ya zama a kan tsini. Kuskuren da na fi gani shi ne a shafa wa dogon baƙin mai ko giris don ya yi santsi. Man yana kama ƙura, su haɗu su zama kamar takardar goge katako, su cinye tayar. Dogo tsintsiya yake so, mai kuma na boris ne. Borisan nan su ne abin da za ka dinga canzawa lokaci-lokaci, kuma ana samunsu a duk kasuwar kayan gyara.

Yanzu ga abin da ya sa nake son a tsaya a nan a natsu. Ƙyaure biyu in zai lalace yana ba da sanarwa, ya sunkuya, ya yi ƙara, ya gurji ƙasa. Mai turawa kuwa tsaye yake a kan siririn ƙarfe, abin da ya hana shi kifewa 'yan tayoyin nan ne na sama da ke maƙale a ginshiƙi. In aka tura shi da ƙarfi ya zarce su, ko waldar da ke riƙe da su ta saki, babu abin da ya rage, gaba ɗayansa zai kwanto. Kuma wanda ya fi zama a gindinsa yaro ne, domin yara suna son hawansa ana tura su. Na taɓa tsayawa a gidan wani aboki na ga abin da ke tsayar da get ɗinsa guntun bulo ne da aka ajiye a ƙarshen dogo. Ranar ban bar gidan ba sai da aka kira mai walda.

Duk get mai turawa dole ya samu abu uku. Ƙarfen tsayarwa mai ƙarfi a ƙarshen dogon ta ɓangarorin biyu, wanda aka yi wa walda ko aka dasa a kankare. Mariƙin sama wanda ya rungumi get ɗin ciki da waje, ta yadda ko tayoyin sun karye ƙarfen zai tare shi. Sai ƙarin ginshiƙi ko ƙarfe mai kama da ƙugiya daga ciki, wanda zai cafe shi in komai ya saki. Duka ukun ba wani kuɗi mai yawa za su ci ba. Mariƙin saman nan yana da wani amfani kuma: in tazarar da ke tsakaninsa da kan get ɗin ƙarama ce, ɓarawo ba zai iya sa rodi ya ɗaga shi daga kan dogo ba.

Akwai wani nau'in da ba ya taka ƙasa sam, yana tafiya a kan tayoyin da aka dasa a gefe ɗaya. Yashi da ruwa ba su dame shi ba, amma yana bukatar katanga da ta fi faɗin ƙofar da kusan kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi, da kankare mai yawa, kuma ya fi tsada.

Ƙofar naɗi irin ta shago

Wannan ta gareji ce na ainihi, ɗaki mai rufi, musamman wanda bakinsa ke kan titi. Tana naɗewa sama, ba ta cin fili ciki ko waje, sai dai a bar mata wuri a saman ƙofa inda naɗin zai zauna. Kuɗinta matsakaici ne, kuma masu gyaranta suna nan a duk garin da ke da kasuwa.

Ƙarfenta siriri ne, dole, in ba haka ba ba za ta naɗu ba. Mota ta ɗan taɓa ta sai ta lotsa ta fara cijewa. Tana da ƙara, duk unguwa za ta san ka dawo. Ɓarayin shaguna sun san ta sarai, ta ƙasa suke sa jak su ɗaga, ko su fizge ta daga hanyar da take bi a gefe. A sa mata ƙarfe mai kauri a bakin ƙasa, makulli a gefe biyu da wani a tsakiya da ya kama ƙasa, hanyoyin gefen kuma su yi zurfi. A cikin naɗin akwai sifirin da aka murɗa, shi ke ɗauke nauyin. Ranar da ka ji ta yi nauyi, ko ka ɗaga ta tana zamowa, sifirin ya gaji, kada kowa ya ƙara bi ta ƙarƙashinta sai an gyara.

Ƙofa mai falle-falle da ke hawa sama

Ita ce ake gani a gidajen Amurka da Turai, yanzu kuma a wasu rukunin gidaje na Abuja. Fallayenta suna bin hanya su kwanta a ƙarƙashin silin. Ta fi kowacce kyau da shiru, tana da roba a gefe da ke rage ƙura, ta kuma fi kowacce tsada, domin kusan komai nata daga waje ake kawo shi.

Ranta yana ga sifirin da ke kwance a samanta. Na gama-gari an yi shi ne ya yi buɗewa da rufewa sau 10,000. Gidan da ake buɗewa sau 4 a rana zai kai kusan shekara 7. Gidanmu na Hausa mai motoci biyu da kai yara makaranta da Islamiyya da cefane, in ana buɗewa sau 10, bai cika shekara 3 ba. In ya tsinke za ka ji kamar an harba bindiga, ƙofar kuma ta koma nauyinta na asali.

Ina roƙon duk mai irin wannan ƙofa: kada ka taɓa sifirin nan da kanka, kada ka bar wanda bai san ta ba ya taɓa. Haka wayoyin ƙarfen da ke gefe da maƙalansu na kusurwar ƙasa, duk a ɗaure suke da ƙarfin da ya isa ya ɗaga ƙofar. Sukurun da aka kwance ba bisa ƙa'ida ba yana karya hannu ko ya fasa fuska. Abin da kai za ka iya shi ne gwaji: ka rufe ta, ka raba ta da inji, ka ɗaga ta da hannu zuwa rabi ka saki a hankali. In ta tsaya, lafiya. In ta zame ƙasa, a kira gwani. Wajen tsaro, jar igiyar nan da ake ja a raba ƙofar da inji in wuta ta ɗauke, ɓarayi a can Amurka sun gano ana zura waya ta saman ƙofa a jawo ta. In ƙofarka tana da gilashi a sama, a rufe shi.

Batun inji da rimot

Inji ba nau'in ƙofa ba ne, ƙari ne, kuma ya fi zama daram a kan get mai turawa. Amfaninsa na gaskiya ba gayu ba ne. Lokacin da mutum ya fi zama a fili shi ne in ya dawo da dare ya tsaya a ƙofar gida, ya fito daga mota yana laluben mukulli, ko yana ta hon yana jiran a buɗe. Rimot yana gajarta wannan tsayuwa. Ga tsoho, ga mai ciwon baya, ga matar da ke dawowa daga aiki ita kaɗai, wannan babban abu ne.

Sharaɗi na farko batir. Injin da ke jiran wutar gari kai tsaye bai dace da mu ba. Irin su Centurion na Afirka ta Kudu a kan batir suke aiki, wuta caji kawai take yi. Samfurinsu D5 an yi shi don get da bai wuce kilo 500 ba, da batir mai bolt 12, kuma ana iya haɗa shi da sola. Akwai na Italiya irin su FAAC da Nice da CAME, a tambayi wanda ke da batir a cikinsu. Ko a Amurka, bayan gobarar dajin 2017 inda wuta ta ɗauke wasu suka kasa buɗe garejinsu su tsere, jihar Kalifoniya ta wajabta batir a duk sabon injin ƙofar gareji daga 1 ga Yulin 2019. Batir yana mutuwa bayan 'yan shekaru, zafi kuma yana gaggauta masa, a sa wannan cikin lissafi. Kowa a gidan ya san inda mukullin sakin injin yake da yadda ake tura get ɗin da hannu, tun kafin ranar gobara.

Sharaɗi na biyu, injin ya san akwai mutum. A Birtaniya a 2010, yara mata biyu, mai shekara 6 da mai shekara 5, sun rasu cikin mako guda, ɗaya a Manchester ɗaya a kudancin Wales, get mai inji ne ya matse kowacce. Ƙa'idar Turai ta ce ƙarfin matsar get kada ya wuce niyuton 400, wato kamar nauyin kilo 40, kuma ya sassauta cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. A Amurka tun 1993 doka ta ce duk injin ƙofar gareji ya zo da ƙarin kariya, wadda galibi idanu biyu ne masu haske a tsakaninsu, a kafa su kada su wuce santimita 15 daga ƙasa. Da wani abu ya gitta, ƙofar ta koma. A nan sau da yawa mai kafawa zai ce maka idanun nan na ganin dama ne, a cire a rage kuɗi. Kada ka yarda. Kuma kada a ƙure wa injin ƙarfi don get ɗin yana cijewa. A gyara dogo da boris. Duk wata ka gwada: ka sa katako a hanyarsa ka danna rufewa. In ya taɓa ya koma, madalla. In ya ci gaba da dannawa, a kashe shi a koma hannu. Da hunturu a dinga goge idanun da ƙyalle, ƙura tana makantar da su.

Na uku rimot ɗin kansa. Tsofaffi da masu araha lambarsu ɗaya ce kullum, ana kwafarta cikin wani rimot. A 2015 wani masanin tsaron kwamfuta, Samy Kamkar, ya nuna yadda ya gyara wani abin wasan yara ya dinga buɗe irin waɗannan ƙofofi cikin daƙiƙoƙi. Ka nemi mai lambar da ke sauyawa duk dannawa. In rimot ya ɓata ko maigadi ya bar aiki, a goge shi daga injin. Shi ma injin a yi masa kejin ƙarfe da kwaɗo, domin ana sace shi, ana kuma zura hannu a sake shi.

Ga su a jere

| Iri | Kuɗin kafawa | Ƙarko | Sauƙi | Babban haɗari | Mai gyara |
|---|---|---|---|---|---|
| Ƙyaure biyu | Mafi araha | Sosai, in ginshiƙi na da ƙarfi | Sai an fito. Yana cin fili | Iska, matse yatsa, zare hinji | Ko'ina |
| Mai turawa | Sama da ƙyaure biyu | Sosai, in ana share dogo | Mara nauyi. Yana son katanga a gefe | Kifewa a kan mutum | Yawancin garuruwa |
| Ta naɗi | Matsakaici | Matsakaici, tana lotsawa | Ba ta cin fili. Ƙara | Sifiri, ɗagawa da jak | Garuruwa masu kasuwa |
| Mai falle-falle | Mafi tsada | Gwargwadon sifiri | Mafi daɗi | Sifiri da wayoyin ƙarfe | Manyan birane |
| Ƙarin inji | Kuɗi daban, da batir | Gwargwadon kulawa | Daga cikin mota | Matse yaro, kwafar rimot | Manyan birane |

Gyara ko canzawa

In firam ɗin a miƙe yake, tsatsa kuma ba ta wuce tafin hannu daga ƙasa ba, gyara ya fi. A yanke ruɓaɓɓen, a sa sabo, a kankare, a shafa jan fentin hana tsatsa kafin fentin ado, a kuma huda 'yan ramuka a bututun ƙasa don ruwan da ya shiga ya fita. Hinji, boris, dogo, sakata, ginshiƙi, duk ana sake su ba tare da an taɓa jikin get ɗin ba. In kuwa firam ya murɗe, ko ka danna ƙarfen da sukundireba ya shige a wurare da yawa, ko an yi masa walda a wuri ɗaya har sau uku, kuɗin gyara zubarwa ne. Tsohon ma yana da daraja, 'yan gwangwan da kilo suke saye.

Wani abu da ya shafi duk gareji mai rufi, ko wace ƙofa ce a kansa: kada a ɗumama mota a ciki ƙofa na rufe, kada kuma a kai janareta ciki don gudun ɓarawo. Iskar gubar da ke cikin hayaƙin ba ta da wari ba ta da launi, tana bin ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida, kuma ta sha hallaka iyali guda suna barci. Janareta a yi masa keji a waje, nesa da taga.

Wacce ga wa

In kuɗinka a ƙididdige yake, ko kana garin da gwani ke da nisa, kuma tsakar gidanka ta kai mita 7, ka yi ƙyaure biyu, abin da ka rage ka zuba shi a ginshiƙi. In tsakar gidan gajeriya ce amma gaban yana da faɗi, mai turawa ne naka, da ƙarfen tsayarwa da mariƙi da ginshiƙin cafewa tun ranar farko. Garejin da ke buɗewa kan titi ko cikin lungu, ta naɗi ce za ta shiga, ka ƙara mata makullai. Mai falle-falle ta wanda garejinsa ke cikin katanga ne, akwai wani get a gabanta, kuma ya tabbatar kamfanin da ya kafa yana da sifirinta a ajiye. Inji na mai dawowar dare ne da wanda ƙarfinsa ya ragu, matuƙar zai sayi idanun ya kuma riƙa gwada su. Gidan haya mai mutane da yawa da yara barkatai, na fi son a bar shi da hannu, a fitar da ƙaramar ƙofa ta masu tafiya a ƙasa daban da ta mota.

Yayana yana da fili a ciki, yana da jikoki ƙanana da ke wuni a tsakar gida, kuma kafin magariba yake dawowa. Aka fasa ginshiƙin hagu aka zuba sabo da rodi, aka jira kankaren ya kama sosai kafin a rataya masa komai, aka ƙara hinji na uku a kowane ɓangare, na sama yana kallon ƙasa. Get ɗin da aka so zubarwa shi ne a wurin har yau, kuma matarsa da hannu ɗaya take buɗe shi.